Amsar Baffa Kan Auren Kim da Ho

Habibu ɗana,

Saƙonka ya same ni bayan sallar isha'i. Na yi dariya har gwaggonka ta leƙo, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Ka ce abokin karatunka ɗan Koriya ta Kudu, ɗan gidan Kim, yana son wata 'yar gidan Ho, kakansa ya ce atafau, wai su 'yan uwan juna ne tun daga wani sarki da ya fito daga cikin ƙwai. Kana tambaya ko wannan ba shirme ba ne, kuma ko ka ba shi ƙarfin gwiwa ya yi gaban kansa.

Kakanka, Allah ya jiƙansa, yakan ce baƙo idonsa ke fara shiga gari, bakinsa ya biyo baya. Da wannan nasiha ya sallame ni lokacin da aka tura mu birnin Busan na Koriya ta Kudu koyon gyaran injin jirgin ruwa, muna samari. Maigidana a wurin aiki shi ma Kim ne, amma Kim na Gimhe, don a can in ka faɗi sunan gidanku sai an tambaye ka na wane gari. Wata rana da kaka ya ɗauke ni a motarsa, muka haye kogin Nakdong zuwa Gimhe, inda kabarin Sarki Suro yake, wato sarkin nan da aka ce ya fito daga cikin ƙwai. Tudun ƙasa ne lulluɓe da ciyawa, an zagaye shi da katanga. Ashe ranar ce zuriyarsa ke taruwa, abin da suke yi sau biyu a shekara. Dattawa sun jeru sahu-sahu cikin riguna masu faɗin hannu da baƙaƙen huluna, wani yana ɗaga murya, su kuma suna durƙusawa suna miƙewa. Na koma gefe na tsaya, tunda ba addinina ba ne, kuma babu wanda ya matsa mini.

Abin da ya biyo baya ne ban manta ba har yau. Wani tsoho mai farin gemu ya buɗe littafin asalin gidansu, ya tambayi maigidana sunan ubansa da na kakansa, ya yi ta bin shafuka da yatsa. Can sai ya tsaya, ya ɗago kai, ya rusuna wa mutumin da a haife ya haife shi. A lissafin zuriya, wai maigidana sa'ar ubansa ne. Ba su taɓa ganin juna ba kafin ranar, amma tare suka ci abincin rana.

A hanyar dawowa maigidana ya ba ni labarin. A cewarsu, a shekara ta 42 Miladiyya hakimai tara ne ke riƙe da yankin, sai ƙwai shida suka sauko cikin akwatin zinariya, Suro ya fara ƙyanƙyashewa. A shekara ta 48 wata gimbiya mai suna Ho ta iso a jirgin ruwa daga ƙasa mai nisa, ya aure ta, biyu daga cikin 'ya'yansu suka ɗauki sunanta. Kai da ka tashi da labarin Bayajida da macijin rijiyar Kusugu, bai kamata ƙwai ya ba ka dariya haka ba. A ƙarƙashin almarar akwai tarihi. Kudancin Koriya a da ƙananan garuruwa ne da suka haɗa kai rukuni uku: Mahan, Jinhan da Byonhan. Daga Mahan daular Bekje ta fito, daga Jinhan Shilla, daga Byonhan kuma Gaya, ba tamu ta Kano ba. Arzikin Gaya ƙarfe ne, har Japan ake kai shi, amma garuruwanta ba su taɓa dunƙulewa ƙarƙashin sarki ɗaya ba. A 532 sarkin Gimhe, ɗaya daga garuruwan Gaya, wanda shi ma zuriyar Suro ne, ya miƙa wuya ga Shilla, a 562 aka ci sauran. Tattaɓa-kunnen wannan sarkin, Kim Yu-shin, shi ya jagoranci sojan Shilla da suka rusa Bekje a 660.

Sarauta ta suɓuce musu kusan shekara 1,500 ke nan, zumuntar kuwa tana hannunsu. Kai fa? In na ce ka kawo mini sunan kakan kakanka, za ka iya? Rabonka da kiran ƙanwar mahaifinka tun ƙaramar salla. Iyayenmu sun ce zumunta a ƙafa take, ku kuma ko a waya ta gagare ku.

Ta fuskar doka babu abin da ya tare abokinka. Dokar da ta hana auren masu suna ɗaya da gari ɗaya kotu ta ture ta a 1997, aka gyara ta a 2005, su kuwa sunansu ma ba ɗaya ba ne, al'ada ce kawai. Mu da muke aurar da 'ya'yan wa da ƙani, abin zai yi mana baƙo, su ma namu haka yake a wurinsu. Ban ce tsohon yana da gaskiya ba, kuma ina tausayin yaran nan biyu. Amma kada a ji bakinka tsakanin jika da kakansa. In ana zuwa Gimhe, ka roƙi abokinka ya tafi da kai, ka tsaya a gefe kada ka durƙusa, sannan ka sake rubuto mini.

Gwaggonka tana gaishe ka, tana tambaya ko kana samun naman halal a can.

Baffanka