An ba ni aikin baƙon edita kan tarihin kafofin watsa labarai, ta ina zan fara?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni malami ne a jami'a nan Tawa, ban daɗe da gama dokta ba. Wata mujallar bincike ta ce in riƙe mata fitowa guda ta musamman kan tarihin kafofin watsa labarai a Nijar, wai baƙon edita. Na amsa da gaggawa don murna, yanzu kuma gabana na faɗuwa. Mi aikin ya ƙunsa, kuma ina iya sa nawa rubutun ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, barka da wannan, ba kowa ake kira ba. Abu na farko dai ka sani mujallar ba taka ba ce, aro aka ba ka, babban edita shi ke da maganar ƙarshe, don haka tun yau ka nemi ya rubuto maka maƙala nawa suke so, da wane harshe, wa zai zaɓi masu tantancewa, yaushe za a kai wa maɗaba'a. A rubuce fa, ba a waya ba.

Amma inda nake so mu daɗe shi ne jigon. "Tarihin kafofin watsa labarai a Nijar" ba jigo ba ne, daji ne. In ka fitar da kiran maƙala haka sakaka, wallahi maƙala goma za su zo maka duk labari ɗaya, an buɗe Rediyo Nijar a 1958, an kafa ORTN, hukumar rediyo da tele ta ƙasa, a 1967, jaridar Haské ta fito a 1990, taron ƙasa a 1991, rediyo mai zaman kanta R&M ta soma watsa shiri a 1994, kowa ya jera shekarun nan kamar tasbaha ya ce ya yi bincike. Aikinka shi ne ka kawo tambaya guda wadda za ta ɗaure maƙalolin wuri ɗaya har mai karatu ya ji suna magana da juna.

Da ni ne kai, mai sauraro zan ɗauka. An cika rubuta tarihin gwamnati da dokokinta da jaridun faransanci na Yamai, alhali mutanen Ader da na Konni da kunne suka san duniya. Duba kulob-kulob na rediyo da aka kafa a 1962, mutanen ƙauye su taru su saurari shiri, su yi muhawara, a ɗauki muryarsu a kai Yamai a sake watsawa, wa ya bi sawun abin da suka faɗa? Duba talabijin ta lakkol da aka soma a 1964, yara suna koyon karatu ta akwatin tele tun kafin ƙasar ta samu tele ta kowa da kowa. Sannan iyaka, wadda muryar rediyo ba ta sani ba: dattijo a Tawa ya tashi da Rediyon Kaduna, da sashen Hausa na BBC da ya fara a 1957, da na Jamus, kuma ta nan yake auna abin da Muryar Sahel, rediyon gwamnati, ta gaya masa. Ka ga in ka ce "kunne da iyaka" ko wani abu makamancin haka, ɗan tarihi zai samu abin cewa, ɗan ilimin harshe ma haka, har abokan aiki na Sakkwato da Kano za su shigo.

Kuma ka rubuta a cikin kiran cewa kana son madogara ta gaske, ba kwafe-kwafen intanet ba. Akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa, akwai IRSH, cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta jami'ar Yamai, akwai faya-fayan CELHTO, cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka, akwai tsofaffin fitowar jaridar Le Sahel. Ga tsofaffin 'yan jarida da masu gyaran na'ura da suka yi ritaya suna zaune a ƙofar gida, suna jiran mai kai musu rikoda, kuma kullum raguwa suke yi.

Tantancewa ita ce ciwon kai. Kowace maƙala mutum biyu, ba su san marubuci ba shi ma bai san su ba, to amma mu nan 'yan kaɗan ne, daga sakin layi na farko an gane salon wane ne. Nemi masu dubawa a Wagadugu, Dakar, Zariya. Ni na taɓa mayar wa wani babba da ya girme ni maƙalarsa bayan masu dubawa biyu sun ƙi ta, kusan shekara ko gaisuwata ba ya amsawa da kyau, abin da ya cece ni kawai wasiƙar da sa hannun babban edita ta fita.

Maganar naka rubutun, gabatarwa taka ce, kuma ba jerin "wane ya ce, wance ta ce" ba, nan za ka nuna abin da fitowar ta ƙara wa ilimi. In kana son sa cikakkiyar maƙala kuma, na san dosiyen CAMES, hukumar da ke duba ƙarin girman malaman jami'a, na jiranka, to guda ɗaya ta isa, ka miƙa ta ga babban edita ya nemo masu dubawa ba da saninka ba, kada gobe a ce kai ka yi alƙalancin kanka.

Lokaci kuwa, a yadda na saba gani shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, duk wanda ya ce maka wata shida bai taɓa bin malamin jami'a bashin rubutu ba. Karɓi taƙaitattun bayanai fiye da adadin da kake buƙata, don wasu za su ɓace ko ka kira ba su ɗauka. Kuma ka tsaya kai da fata a bar maganar masu sauraro cikin Hausa ko Zabarmanci ko Tamajak yadda suka faɗe ta, fassarar ta biyo a ƙasa, in babban edita ya yi ƙorafin yawan shafi ka ce a rage daga gabatarwarka.