Zuba man suya a injin dizal

Malam, ka tambaya ko man da aka gama suya da shi zai ja injin dizal. Zai ja, amma tsohon inji irin Lister, ba motocin zamani masu kwamfuta ba. Ka bar man ya kwanta mako biyu, ka tsiyaye na sama, ka dafa ruwan ciki ya fita, ka tace sosai.

Sharaɗin shi ne zafi. Da sanyi kaurin man suya ya ninka na dizal kusan sau goma, nozul ba ya fesa shi da kyau, sai ya toshe, ringin fistin ya maƙale. Ka yi tanki biyu, ɗaya na dizal, ɗaya na man suya: tayar da injin da dizal, juya kan man suya in zafinsa ya kai digiri 70 na Celsius, koma dizal minti biyar kafin kashewa. Manja kuwa daskarewa yake a tiyo da hunturu.