Korona a jikin yara: likita ya amsa tambayoyinku

Likita, lokacin da korona ta ɓulla a Daura a 2020 maigidana ya sha jinya, amma yaranmu ko tari ba su yi ba. Ba ta kama yara ne? Daga wata uwa, Daura.

Hajiya, tana kama su, kayar da su ne ba ta cika yi ba. Ƙwayar cutar ta hanci da maƙogwaro take shiga, kuma a nan garkuwar yaro ta fi ta babba zafin nama. Tana sakin wani sinadari mai suna intaferon da wuri, ta tare cutar tun ba ta gangara huhu ba. Kin san yaro, wannan mura ta tafi waccan ta zo, masu gadin jikinsa ba sa samun barci. A jikin dattijo kuwa martanin kan makara, in ya zo kuma ya wuce gona da iri, har ya illata huhun da ya zo karewa. Wataƙila naki sun ɗauka ta wuce ba ku sani ba. A irin wannan hali kakarsu na fi ji wa tsoro, ba su ba.

Ɗana mai sikila ne. Shi ma haka? Daga wani uba, Ƙofar Ƙaura.

A'a, Malam. Masu sikila, ciwon zuciya, ciwon suga, ƙiba ko tamowa, da jariran da ba su kai shekara ba, sun fi shiga haɗari. Zazzaɓi ga mai sikila ba a kwana da shi a gida.

'Yata ta warke, bayan wata guda zazzaɓi ya dawo da jan ido da ciwon ciki. Daga wata malama, Katsina.

Malama, kai ta asibiti yau, kada ki tsaya kemis. A fara da gwajin maleriya, amma ki gaya wa likita ta yi korona. Akwai wani kumburi, MIS-C, da kan biyo baya mako 2 zuwa 6, inda garkuwar ke juyawa kan jikin yaro, har ta taɓa zuciya. Ba ya da yawa, kuma yawancin yara na warkewa in an kama shi da wuri. Ƙuraje, amai, gudawa ko yawan kasala duk ki ambata.

In na kamu, in yaye jariri?

Ko kusa. Ki wanke hannu, ki sa takunkumi, ki ci gaba da ba shi nono.