Re: Capable, competent ko adequate, wanne zan sa wa yarona?

Malam, ka ce yaron shagonka na ɗinki zai nemi aiki a kamfani, kana so ka rubuta masa takardar shaida da Turanci amma ka rasa wacce za ka ɗauka cikin ukun nan. To don Allah adequate ɗin nan ajiye ta gefe tukuna. Bature in ya ce aikinka adequate ne nufinsa ba yabo ba fallasa, za a dai lallaɓa da shi, kamar ɗalibin da ya tsallake jarrabawa da ƙyar. Ta ma fi dacewa da kaya, irin su adequate water supply, wato ruwan da zai wadatar.

Competent ita ce ta mai sana'a, an gwada shi an gani, ka miƙa masa shadda ya auna ya yanka ya haɗa kaftani har wuya da aljihu ba sai ka tsaya a kansa ba. Capable kuma ta fi karkata ga abin da zai iya ɗauka ko da bai taɓa yi ba, misali capable of managing a shop, kuma ka lura kalmar of ce ke bin ta, able ce ke tafiya da kalmar to, nan mutanenmu ke yawan cakuɗawa.

Akwai qualified ma, amma wannan galibi maganar satifiket ce, wani na da takardar ko almakashi bai iya riƙewa ba.

Ni dai da ni ne highly competent tailor zan rubuta, don competent ita kaɗai tana ɗan yin lami a kunnen Turawa.