Ruɗani ba shi ne gari ya yamutse ba

Tambaya: Malam ƙanina ya turo saƙo group ɗin gida wai akwai ruɗani a kasuwa, Hajiya har jininta ya hau ta ɗauka faɗa ake, ashe kan karɓar transfa ne ake ta musu. Shi ne mai laifi ko mu ne ba mu ji Hausa ba?

Amsa: Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ƙanin naki bai yi kuskure ba. Ruɗani a kai yake zaune, wato mutum ya rasa wacce zai kama. Tushensa ɗaya da ruɗe, shi ya sa ake cewa tsoho ya ruɗe, ciki ya ruɗe, ko ruɗin duniya ya kwashe wane. Ki tuna canjin kuɗi na 2023, Babban Bankin Najeriya, CBN, ya ce tsohon kuɗi ya ƙare 31 ga Janairu, aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, Kotun Ƙoli kuma a watan Maris ta ce a ci gaba da karɓa, mai shayi bai san wanda zai bi ba. To wannan shi ne ruɗani. Rikici kuwa sai da ɓangarori, kamar na jam'iyya ko na gado. Hargitsi da yamutsi su ne inda ake gudu ana rufe shaguna.

Abin da ke ƙona min rai kullum shi ne masu ganin wai duk ɗaya ne, Hausa ce kawai. Wallahi ba ɗaya ba ne. Wani zai ga 'yan Keke biyu suna cacar baki a bakin kasuwa ya ɗauko waya ya danna voice wai gari ya yamutse, kafin la'asar an tura group goma, iyaye sun bazama makarantu ɗauko yara, baƙi sun fara kulle shago, wasu zauna-gari-banza kuma sun ga ana gudu sun samu ƙofar wawaso, abin da babu shi sai ga shi an haifar da shi da baki. Ga kuma masu shafukan Facebook ɗin nan, 'yan bindiga su shiga ƙauye su kashe mutane suna barci, sai ka ga an rubuta wai rikici ya ɓarke. Rikici da wa? Da wanda ke kwance a ɗakinsa? Hari ne, a kira shi hari, don in ka ce rikici ka raba laifin biyu ke nan.

Shi dai ƙanin naki ki ce masa nan gaba ya riƙa ƙarasa zance, ya ce ruɗani kan transfa, tunda akwai mai hawan jini a group ɗin.