Tsohuwar motar soja da kuɗin da ba a rubuta ba

Wani mai sana'ar hatsi a kasuwar Dawanau ya rubuto cewa ya sayi tsohuwar babbar motar soja ƙirar Steyr a gwanjo, domin ɗauko kaya daga ƙauyukan da hanyoyinsu ke lalacewa da damina. Ya miƙa ta ga ɗan wansa bakanike, kuma cikin wata takwas yana kyautata zaton ya zuba kusan naira miliyan 4, amma har yau motar tana kan duwatsu. Yana tambaya ko ya sayar da hatsin da ya ajiye ya ƙarasa aikin, tunda yana ganin motar za ta mayar da kuɗinta a damina ɗaya.

Alhaji, kada ka taɓa hatsin nan tukuna. Kai da ba ka yarda buhu ɗaya ya fita daga shagonka ba tare da an rubuta ba, ka yi wata takwas kana miƙa kuɗi ba rasit, ba lissafin abin da aka saya, ba iyakar da aka yanke, don kawai mai aikin ɗanka ne. Ban ce yaron ya ci amanarka ba. Amma idan babu rubutu, ko shi kansa ba zai iya wanke kansa ba, kai kuma kunya za ta hana ka tambaya.

Motar da ta yi shekaru a ajiye tana da kuɗaɗen da ba a gani sai an buɗe. Tsatsa takan ci tankin mai, dattin ya toshe famfon injekta, robobin birki su bushe, lagireto ya riƙa yoyo, ɓeraye su cinye wayoyi. Yawancin irin waɗannan motoci suna aiki da batir biyu, kuma tayoyin da suka daɗe a rana sukan tsattsage ko da zanensu bai goge ba. An taɓa harhaɗa motocin Steyr a Bauchi, sai dai wannan tarihi ba zai samo maka kayan gyara a yau ba. Shi ya sa mutane da dama suka fi riƙe babbar motar Mercedes 911, wadda kayanta suka fi samuwa a kasuwannin Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna.

Na san wani ɗan kasuwa da ya bar irin wannan mota a garejin surukinsa. Duk mako sai a ce saura abu ɗaya. Ranar da ya kawo wani bakanike ya duba, sai aka tarar injin ya tsage tun farko, aka sayar da motar a kilo, gidajen biyu kuma suka daina gaisawa.

Ka dakatar da aikin, ka biya wani bakaniken manyan motoci da ba ku da dangantaka ya duba inji da giya da ƙarfen ƙasan motar, ya rubuta abin da ya rage da farashinsa, sa'an nan ka ƙara kashi ɗaya cikin uku a kai. Ka zauna da ɗanka ku rubuta abin da aka riga aka kashe, kuma daga yanzu kai za ka sayo kaya da hannunka, a biya ladan aiki mataki-mataki. Ka haɗa da kuɗin fenti, domin doka ta hana farar hula hawa mota mai launin koren soja, ka kuma adana takardun gwanjo saboda rajista.

Zancen cewa za ta mayar da kuɗinta a damina ɗaya kuwa, ban karɓa ba, domin motar da aka ƙera don yaƙi ba a ƙera ta da tunanin tsadar man dizal ba. Idan abin da ya rage ya haura kuɗin hayar mota na damina biyu, ka sayar da ita yadda take.