Fatawa: Hukuncin korar baƙin da suka gudo neman mafaka

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni mai unguwa ne a Kamba, ƙaramar hukumar Dandi ta jihar Kebbi. Baƙi suna shigo mana daga tsallaken iyaka, wasu da mata da yara sun gudo daga ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa, wasu kuwa ci-rani ya kawo su. Tun da 'yan bindigar Lakurawa suka kashe mutane a garin Mera cikin 2024, matasanmu suka dage sai gwamnati ta kwashe duk wani baƙo ta mayar da shi inda ya fito. Wanda ya ba su masauki ma ana yi masa kallon maci amana. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Mai Unguwa, Allah ya ƙara girma. Baƙin nan naku ba iri ɗaya ba ne, don haka hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Wanda ya gudo da ransa, bai halatta ga hukuma ko ga jama'ar gari su mayar da shi inda ake da rinjayen zaton za a kashe shi ba. A Suratut Tauba, aya ta 6, Allah ya umarci Annabi (SAW) cewa idan wani daga cikin mushirikai ya nemi mafaka a ba shi har ya ji maganar Allah, sannan a isar da shi wurin amincinsa. Wannan fa mushiriki ne, daga mutanen da ake yaƙi da su. To ina ga Bazabarmiyar da ta goyo ɗa, ta ɗoro tukunya da tabarma a ka, wadda alƙiblarku ɗaya da ita? Ku lura kuma da ƙarshen ayar: ko da zamansa ya ƙare, rakiya ake yi masa zuwa inda zai tsira, ba a jefa shi hannun masu farautarsa. Ranar buɗe Makka Ummu Hani ta ɓoye wanda ɗan'uwanta Aliyu ke nema, Annabi (SAW) ya ce mata: "Mun bai wa wanda kika ba mafaka mafaka." Kafin nan, da Ƙuraishawa suka aika Amru ɗan Asi ƙasar Habasha da kyaututtuka don a miƙa masa sahabbai, sarkin ƙasar, Najashi, ya ƙi, sai da ya saurare su.

Wani zai ce ai an mayar da Abu Jandal Makka a sulhun Hudaibiyya. Gaskiya ne, amma alkawari ne ya ɗaure Annabi (SAW) a ranar. Mu kuwa alkawarin da ke wuyan Najeriya akasin haka ya ce. Ƙasar nan ta shiga yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta Geneva ta 1951 da ta ƙasashen Afirka ta 1969, duka biyun sun hana mayar da mutum inda rayuwarsa ke cikin haɗari, kuma farkon Suratul Ma'ida umarni ne da cika alkawura.

Sai dai tsoron matasanku ba shirme ba ne, kada a raina shi. Shari'ar da ta wajabta ba da mafaka ita ce ta wajabta bincike. A Suratul Mumtahana, aya ta 10, an ce idan mata muminai suka zo suna masu hijira a jarraba su, idan an tabbatar da gaskiyarsu kada a mayar da su. Malamanmu na Malikiyya sun sharɗanta cewa amana ba ta tabbata ga wanda zamansa cuta ne ga jama'a, kamar ɗan leƙen asiri, kuma ya tabbata daga Aliyu cewa Annabi (SAW) ya ce Allah ya la'anci mai ɓoye mai aikata ɓarna. Saboda haka wajibi ne hukumar shige da fice ta rubuta sunan kowa da garin da ya fito, ta tambayi waɗanda suka san shi. Wanda aka kama da makami ko kai wa 'yan bindiga labari da man fetur, a gurfanar da shi shi kaɗai. Laifinsa ba ya hawa kan matar da suka shigo mota ɗaya.

Ɗan ci-rani kuwa maslaha ce ke hukunci a kansa. Shugaba na da ikon neman takardu, ya iyakance zama, ya sallami wanda ya saɓa doka, ba tare da duka ko ƙwace dukiya ba.

Game da rufe iyaka gaba ɗaya, ku mutanen Kamba kun fi ni sani. An rufe ta a Agustan 2019, ba a buɗe ta Kamba ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Mai buhun shinkafa da mai jinya ne suka tsaya a bakin shinge, mai bindiga a kan babur dama ba ta ƙofa yake bi ba. Ku tuna wa matasan nan kuma cewa tun 2019 dubban mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi don gudun 'yan bindiga, aka karɓe su. Da Nijar ta yi abin da suke kira a yi, namu ne za a fara lodawa a mota.

Kai kuma Mai Unguwa, wanda ya saukar da baƙo a zaurensa ba maci amana ba ne, lada yake samu, da sharaɗin kada ya ɓoye shi. Ya kawo maka shi, ka kai sunansa wajen hakimi da jami'an tsaro. Duk wanda ya ƙi a rubuta shi, kada ka bari ya kwana a unguwarka sai hukuma ta gan shi. Wallahu a'alam.